Haƙƙin Wanda Ya Zauna

A daren 1 ga Nuwamban 1946 aka buga wasan da gasar ƙwallon kwando ta NBA take lissafawa a matsayin wasanta na farko, kuma a birnin Toronto na ƙasar Kanada aka buga shi. Masu masauki, ƙungiyar Huskies, sun sha kashi a hannun Knicks ta New York da maki 68 da 66. Kaka ɗaya tak Huskies ta yi a duniya ta rushe. Daga nan birnin ya shekara 48 yana hangen gasar daga nesa, duk da cewa James Naismith, wanda ya ƙirƙiro wasan a 1891, haifaffen Kanada ne. Sai a 1995 aka sake buɗe wa ƙasar ƙofa da ƙungiyoyi biyu, Grizzlies a Vancouver da Raptors a Toronto. Ta Vancouver shekara shida ta yi aka kwashe ta zuwa Memphis a Amurka. Ta Toronto ta tsira, kuma har yau ita kaɗai ce a cikin ƙungiyoyi 30 na gasar da gidanta yake wajen Amurka.

Tarihin wannan ƙungiya nake son bi, saboda wata tambaya da ta daɗe tana cin raina: wane haƙƙi mutumin da ya zauna ya yi wa gida hidima yake da shi a kan nasarar da ta zo bayan an sallame shi? Ni Bazazzagi ne, kuma a Zariya ba a tambayar mai son ƙwallon kwando dalilin da ya sa yake goyon bayan Raptors. Masai Ujiri, wanda ya jagoranci ƙungiyar daga 2013 zuwa 2025, a Ingila aka haife shi a 1970, amma a garinmu ya tashi, a nan ya fara riƙe ƙwallo, a hannun wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson, da ya daɗe yana horar da matasa a Zariya. Yayana ne ya fara kai ni fili ina ɗan shekara goma sha ɗaya, shi ne kuma ya fara karanta mini sunan Ujiri a jarida. Tun daga lokacin ƙungiyar ta zama tamu, duk da nisan da ke tsakani.

Raptors ta fara ne da ban dariya. A 1994 aka nemi jama'a su zaɓa mata suna, a daidai lokacin da fim ɗin Jurassic Park yake tashe, sai aka ɗauki sunan ɗaya daga cikin dabbobin zamanin da na cikin fim ɗin, aka zana shi yana buga ƙwallo a gaban riga mai launin shunayya. Ba ta da ɗakin wasa nata, don haka aka shimfiɗa mata katako a wani sashe na SkyDome, katafaren filin da aka gina domin wasu wasanni dabam. A kakarta ta farko ta ci wasa 21, aka ci ta 61. Abin da magoya baya suka riƙe na alfahari shi ne ɗaya daga cikin waɗannan nasarori a kan Chicago Bulls ta Michael Jordan aka same ta, a shekarar da sau goma kacal aka doke Bulls. Bayan shekara biyu abin ya ƙara lalacewa, ta ci 16 aka ci ta 66.

Ciwon da ya fi shan kashi zafi shi ne gudun da 'yan wasa suke yi wa birnin. Yawancinsu Amurkawa ne, kuma Toronto a wurinsu ƙasar waje ce: ga sanyi, ga haraji, ga binciken kan iyaka a kowace tafiya, ga gidajen talabijin na Amurka da ba su cika nuna wasanninta ba, ga kuma jama'ar da hokin ƙanƙara ya riga ya mamaye zukatansu. Damon Stoudamire, matashin farko da ƙungiyar ta zaɓa, wanda ya ci kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa, ya nemi a sake shi, aka tura shi Portland a 1998. Kenny Anderson da aka karɓo a madadinsa ya ƙi zuwa, dole aka miƙa shi Boston. Tracy McGrady ya tafi Orlando a shekarar 2000, a daidai lokacin da tauraruwarsa ta fara haske. Hatta namu Hakeem Olajuwon sai a ƙarshen ƙarfinsa ya zo, ya yi kaka ɗaya daga 2001 zuwa 2002 ya ajiye wasa.

A tsakiyar wannan yanayi Vince Carter ya bayyana a 1998. Tsallensa da yadda yake dannan ƙwallo cikin kwando, musamman a gasar gwaninta ta shekarar 2000, su suka sa yaran Amurka da na sauran duniya suka fara sayen rigar Toronto. A watan Mayun 2001 ya kai ƙungiyar wasa na bakwai, na raba gardama, da Filadelfiya a zagaye na biyu na wasannin fitar da gwani. Da safiyar ranar ya halarci bikin yaye shi a jami'ar North Carolina, ya karɓi digirinsa, sannan ya hau jirgi ya iso wasan. Ana saura 'yan daƙiƙu, Toronto na baya da maki ɗaya, aka ba shi ƙwallo ya jefa, ta daki ƙarfen kwando ta fita. Aka tashi 88 da 87. Mutane da yawa sun ɗora laifin a kan zuwansa bikin. Ni da na san abin da takardar digiri take ci kafin ta zo hannu, ina ganin daidai ya yi. Amma zumuncinsa da birnin ya yi ta tsami, har a Disambar 2004 aka musanya shi zuwa New Jersey bayan ya nemi tafiya. Alonzo Mourning, babban sunan da aka karɓo a cinikin, bai buga wa Toronto ko wasa ɗaya ba. Shekaru da dama bayan haka, duk ranar da Carter ya shigo birnin ihu ake yi masa. A Janairun 2006 kuma Kobe Bryant shi kaɗai ya zuba wa ƙungiyar maki 81 a wasa guda. Chris Bosh, wanda ya gaji Carter, shi ma ya kama hanyar Miami a 2010.

Wannan shi ne gidan da DeMar DeRozan ya tarar. An zaɓe shi a 2009, yaro ɗan shekara goma sha tara daga unguwar Compton ta Kalifoniya, wanda bai saba da dusar ƙanƙara ba. Lokacin da Bosh ya tafi, shi ne ya rubuta wa magoya baya cewa su kwantar da hankalinsu, yana nan. Ya ci gaba da zama a shekarun da ƙungiyar ba ta ko leƙa wasannin fitar da gwani, yana ƙara gyara wasansa duk hutu. A 2012 Kyle Lowry ya zo, suka zama aminai. A 2013 Ujiri ya dawo daga Denver, inda ya ci kyautar gwarzon shugabannin ƙungiyoyi na shekara, ya karɓi ragamar Toronto. Mutumin da ya fara aiki a gasar yana zaƙulo wa Orlando 'yan wasa ba tare da albashi ba ya san zafin raini, kuma ya ƙi yarda birnin ya ci gaba da ba da haƙuri a kan inda Allah ya ajiye shi. A 2014 ƙungiyar ta fito da kirarin da ma'anarsa ita ce mu ne Arewa. Sanyin da nisan da ake yi musu gori da su, suka mai da su tutar alfahari. Ba sai an yi wa ɗan Arewacin Nijeriya bayanin daɗin wannan kirari ba.

A 2016 kwantiragin DeRozan ya ƙare. Kowa ya ɗauka gida zai koma, wurin Lakers ta Los Angeles da ya tashi yana so. Ko zama bai yi da wata ƙungiya ba, ya sa hannu a sabon kwantiragin shekara biyar da Toronto. A tarihin ƙungiyar da taurarinta suka saba tafiya da zarar hanya ta buɗe, wannan babban abu ne. Ya zama wanda ya fi kowa ci mata maki, fiye da 13,000. A farkon 2018 ya fito fili ya ce yana fama da ciwon damuwa, a cikin sana'ar da maza suke ɓoye irin wannan, kuma maganarsa ta buɗe wa wasu baki.

Sai dai akwai dutsen da ya gagare shi hawa. Shekara uku a jere, 2016 da 2017 da 2018, LeBron James da ƙungiyar Cleveland suka fitar da Toronto. A biyu na ƙarshe ko wasa ɗaya ba ta ci ba a cikin huɗu, alhali a 2018 ta ci wasa 59 a kakar, mafi yawa a tarihinta. Ujiri ya duba ya ga an kai bango. Ya sallami koci Dwane Casey a watan Mayu, makonni kaɗan kafin a ba Casey kyautar gwarzon koci na shekara, ya ɗora mataimakinsa Nick Nurse. A ranar 18 ga Yuli kuma ya musanya DeRozan zuwa San Antonio, ya karɓo Kawhi Leonard da Danny Green. Leonard wasa tara kawai ya buga a kakar da ta gabata saboda rauni, saura shekara ɗaya a kwantiraginsa, kuma sanannen abu ne cewa hankalinsa yana Los Angeles. Wato an ba da wanda ya ce zai zauna, an karɓo wanda ake kyautata zaton zai tafi. DeRozan ya ce an ba shi tabbacin ba za a sayar da shi ba, Ujiri kuma ya fito gaban 'yan jarida ya nemi gafararsa a kan rashin fahimtar da aka samu.

A shagon Yaya da ke kasuwar Sabon Gari labarin ya same mu. A nan ya kamata in faɗi ko wane ne shi. Lokacin da mahaifinmu ya rasu, Yaya yana shekararsa ta biyu a karatun difloma, ni kuma ina sakandare. Mu shida ne a ɗakin mahaifiyarmu. Ba wanda ya ce masa ya bar makaranta. Bayan sadakar arba'in ya ɗauki makullin shagon ya buɗe, kuma bai sake komawa aji ba. Daga cinikin shinkafa da man gyaɗa da sabulu aka biya mini kuɗin jarrabawa, da na rajistar jami'a, da na kwafin littattafai. Takalmansa na wasa suna nan a ƙarƙashin gado, ƙasansu ya bushe ya tsattsage.

Na karanta masa labarin daga waya, na ce, "Yaya, ai harkar kasuwanci ce. In ba a yi haka ba, kofin nan ba zai zo ba."

Ya gama auna wa wata mata shinkafa, ya ƙulle ledar, sannan ya ce, "Na sani, ai ni ma ɗan kasuwa ne. Amma ko a kasuwa, yaron da ya tsare maka rumfa ranar ruwan sama, in za ka sallame shi, kiransa kake yi ku zauna." Bai ƙara cewa komai ba, ya juya wurin mai saye na gaba.

Abin da ya biyo baya kowa ya san shi. A ranar 12 ga Mayun 2019, shekara 18 bayan jifar Carter, aka sake haɗuwa da Filadelfiya a wasa na bakwai na zagaye na biyu. Watan azumi ne, kuma saboda bambancin lokaci da tsakar dare aka fara wasan a wurinmu. Mu kamar goma muka haɗa kuɗin fetur, mai gidan kallo ya tayar mana da janareta. Ana 90 da 90, saura daƙiƙa huɗu, Leonard ya ja ƙwallo zuwa kusurwar dama ya jefa ta sama da hannun Joel Embiid. Ƙararrawar tashi ta kaɗa ƙwallo tana iska. Ta daki ƙarfen kwando sau huɗu kafin ta faɗa ciki. Mun yi ihun da ya tayar da maƙwabta sahur kafin lokacinsu. A zagaye na gaba Milwaukee ta ci wasa biyu na farko, Toronto ta ci huɗu a jere. A ranar 13 ga Yuni, a birnin Oakland, ta doke Golden State da maki 114 da 110 a wasa na shida, ta ɗauki kofin, karo na farko da ya tsallaka iyakar Amurka.

Adalci ya sa a ambaci cewa Golden State ta rasa Kevin Durant a wasa na biyar da Klay Thompson a na shida saboda munanan raunuka. Amma rauni yana cikin wasa, kuma ƙungiyar da Ujiri ya haɗa ta cancanci abin da ta samu. Pascal Siakam na Duwala a Kamaru, wanda sai a lamba ta 27 aka zaɓe shi a 2016, ya ci maki 32 a wasan farko. Serge Ibaka na Barazabil yana tsaron kwando. Fred VanVleet, wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a shekarar da ya fito, shi ya ci manyan ƙwallaye a zangon ƙarshe. Lowry kuwa, aminin DeRozan, shi ya ci wa Toronto maki goma sha ɗaya na farko a wasan ƙarshe. Yaya ya kalli wasan tare da mu har aka tashi. Da aka fara shirin miƙa kofi ya miƙe ya ce Allah ya sanya alheri, ya tafi masallaci, domin an kusa kiran asuba kuma da sassafe motar kaya za ta iso shago.

Bayan makonni uku Leonard ya tafi Los Angeles, kamar yadda aka zata. Sauran ma suka bi ɗaya bayan ɗaya: Lowry a 2021, VanVleet da koci Nurse a 2023, Siakam a farkon 2024. A watan Yunin 2025 ƙungiyar ta rabu da Ujiri kansa. Wanda ya sallami wasu, rana ta zo shi ma aka sallame shi.

Na yi shekaru ina auna hukuncin da Ujiri ya yanke a 2018, kuma matsayina shi ne daidai ya yi. Shugaba amanar ƙungiya da magoya bayanta ya ɗauka, kuma da ya bar abubuwa yadda suke saboda kunyar mutum ɗaya, da ya ci amanar dubban da suka shekara 24 suna jira. Amma kasancewar hukunci daidai ba ya goge bashin da ya haifar. San Antonio ba za ta ba da Leonard a banza ba. Darajar da DeRozan ya tara a shekara tara na zama ita aka kai kasuwa aka sayo kofin da ita. Ƙungiyar da Leonard ya tarar, mai sabo da cin wasa da magoya bayan da ke cika dandalin waje cikin sanyi, su DeRozan da Lowry suka gina ta. A jerin sunayen zakarun 2019 babu nasa, kuma babu zoben nasara a yatsansa.

Ranar da aka yaye mu daga jami'a na fahimci dalilin da ya sa wannan tarihi ya ƙi barina. Sunana kaɗai aka rubuta a takardar. Ni aka sa wa riga da hula, ni 'yan uwa suka yi ta ɗauka hoto. Yaya ya zo da la'asar bayan ya bar yaro a shago, ya tsaya a gefen hoton da hularsa a karkace, ya damƙa mini kuɗin mota ya koma. A kusan kowane gida da na sani a unguwarmu akwai irinsa: yayar da aka aurar da wuri don a rage baki, ko wan da ya koma gona ko ya hau babur ɗin haya don ƙannensa su yi karatu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mun iya faɗin wannan a kan baƙo, amma na gida mukan ɗauka cewa dama aikinsa ne.

Yadda Toronto ta yi da nata bashin abin lura ne. A Fabrairun 2019, da DeRozan ya fara dawowa birnin cikin rigar San Antonio, jama'a sun miƙe tsaye suna yi masa tafi na tsawon lokaci, ko da yake a ƙarshen wasan Leonard ne ya ƙwace ƙwallo daga hannunsa ya ci. Amma babbar girmamawar da ƙungiya take yi wa ɗan wasa ita ce ta rataye rigarsa a rufin ɗakin wasa, ta hana kowa sake sa lambarsa. Rigar farko da Raptors ta rataye, a ranar 2 ga Nuwamban 2024, ita ce mai lamba 15 ta Vince Carter, wanda ya nemi tafiya ya tafi. Carter ya cancanta, kuma sulhu alheri ne. Sai dai a daren, ƙungiyar da ta zo baƙunta ita ce Sacramento, kuma DeRozan yana cikin 'yan wasanta. Yana ɗakin aka ɗaga rigar. Tarihi yakan fi saurin tuna wanda ya burge shi a kan wanda ya yi masa haƙuri.

Yanzu ni ma tafiya ta zo mini. Na gama hidimar ƙasa, na samu aiki a Legas, kuma zan je. Ujiri ma barin Zariya ya yi, amma tun 2003 ya kafa gidauniyar Giants of Africa, yana dawowa nahiyar da sansanonin horar da yara da gina filayen wasa. Daga gare shi na koyi cewa tafiya ba laifi ba ce ga wanda ya san abin da ake bin sa. Daga labarin DeRozan kuma na koyi cewa tafi da yabo ba sa biyan irin wannan bashi, kuma jiran shekara ashirin kafin a rataye riga ya yi tsawo ga mutumin da ƙuruciyarsa take wucewa a bayan kanta.

Da ɗan abin da na tara daga alawus ɗin hidimar ƙasa na sayi fom ɗin karatun difloma na ƙarshen mako, na cike shi da sunansa, na kai masa shago. Na ce, "Yaya, kuɗin makaranta da na yaron da zai riƙa tsare shago ranar Asabar da Lahadi suna wuyana daga albashin farko."

Ya daɗe yana karanta takardar, har da ƙananan rubutun ƙasa. Ya ce, "Kai dai ka je ka kama aikinka tukuna." Sannan ya jawo aljihun teburin, ya ɗaga littafin da yake rubuta masu cin bashi, ya sa fom ɗin a ƙarƙashinsa inda mai ba zai taɓa shi ba, ya tambaye ni ranar da za a rufe karɓa.